Zaman Jiran Iska a Gaɓar Sawakin: Rayuwar Maniyyatan Ƙasar Hausa a Jiragen Bahar Maliya

Birnin Kano ba shi da teku, kuma mutumin da aka haifa a unguwa irin Soron Ɗinki, wadda take cikin ganuwa ba nisa da Gidan Rumfa, yana iya tsufa bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Wudil ko madatsar Tiga faɗi ba, domin tsakaninsa da gaɓar Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, tsakaninsa da gaɓar Bahar Maliya kuwa fiye da kilomita 3,000. Duk da haka, a zaurukan malaman cikin birni an daɗe ana karanta hukuncin tafiya a teku kamar yadda ake karanta na tsarki da na ciniki, saboda littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda shi ne ƙololuwar abin da ɗalibin fiƙihun Malikiyya yake kaiwa a wannan ƙasa, ya yi bayani a babin hajji a kan wanda hanyarsa ta bi ta ruwa. Ya nuna cewa teku da tudu ɗaya suke wajen wajabcin tafiya, sai fa idan halaka ta fi rinjaye, ko kuma jiri da amai za su sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla, sannan ya sharɗanta wa mace ta sami keɓantaccen wuri a cikin jirgi. Ɗalibai da yawa da suka karanta wannan babi a kan buzu sun je sun same shi a aikace, a cikin jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda kan shafe kwanaki a tsaye kusa da gaɓa suna jiran iska ta juya.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, talakan da ya yi niyyar sauke farali daga Kano gabas yake dosa, ta Borno da Fort Lami, wato Njamena ta yanzu, da Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, ya kai Ubayyid inda layin dogo ya iso wajen 1912, daga nan ya nufi Kogin Nilu. Tafiya ce ta shekaru, domin mafi yawan matafiyan da sana'ar hannunsu suke biyan kuɗin hanya, wani da allura da zare, wani da aska, wani da ga-ruwa ko dako, da yawa kuma da tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda suka bunƙasa bayan kammala madatsar Sinnar a 1925, ko a gonakin Tokar da ke kusa da teku. Hijirar da ta biyo bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903 ta ƙara cika wannan hanya da mutane, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Masana irin su Umar al-Naqar da J. S. Birks da C. Bawa Yamba sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan doguwar tafiya ta ƙasa da kuma al'ummar da ta bari a Sudan, amma zangon ƙarshe, wato na ruwa, bai sami irin wannan kulawa daga marubutan Hausa ba, alhali shi ne zangon da ya fi kowane tsoratar da mutumin tudu.

Ƙofar wannan zango ita ce Sawakin. Tsohon garin yana kan wani ƙaramin tsibiri mai siffar da'ira, a ƙarshen wata siririyar mashigar ruwa da ta ratsa tsakanin duwatsun murjani, wato duwatsun da wasu ƙananan halittun teku suke ginawa sannu a hankali har su zama katanga a ƙarƙashin ruwa. Da irin wannan dutse aka gina benayen garin masu hawa biyu da uku, da tagoginsu na sassaƙaƙƙen katako da ake kira roshan, da masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya. Turkawan Usmaniyya sun riƙe garin tun ƙarni na 16, ya koma hannun Masar a 1865, daga baya aka yi masa gadar ƙasa da ta haɗa shi da unguwar Gef da ke kan tudu, inda kasuwa da talakawa da baƙi suke. Da Turawan Ingila suka ga mashigar ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, sai suka gina sabuwar tasha kimanin kilomita 60 a arewa, wato Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe, benayen murjani suka soma zubewa. Abin da ya rage wa Sawakin shi ne maniyyata, da wurin killace su domin binciken lafiya, wanda ake kira karantina, da kuma ƙananan jiragen katako da ba su damu da ƙuncin mashiga ba.

Jirgin da ya fi yawa a wannan teku shi ne sambuk. Na katako ne, tsawonsa kan kai mita 15 ko 20 ko fiye, yana da dogon turke ɗaya ko biyu da suka ɗan karkata gaba, kuma a jikin turken ake rataya wata doguwar sanda a gicciye wadda take ɗauke da ƙyallen iska, babban zane mai kusan kusurwa uku da aka harhaɗa da ɗinki. Mafi yawan cikinsa a buɗe yake, babu rufi sai ɗan dandamali a baya inda shugaban jirgi, wanda ake kira nahuda ko rayyis, yake zama kusa da sandar tuƙi. Ana shafe jikinsa na sama da man kifi domin kada rana ta tsattsaga katakon, na ƙasa kuma da farar ƙasa da kitse domin tsutsar teku, saboda haka warin jirgi shi ne farkon abin da baƙo yake haɗuwa da shi. Kowane sambuk yana jan wani ɗan kwale-kwale da ake kira huri, wanda da shi ake zuwa gaɓa a dawo. Kakannin wannan jirgi sun fi shi rauni, domin matafiyin Andalus Ibn Jubair, wanda ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya bayyana jiragen zamaninsa da ake kira jalba a matsayin waɗanda ba a buga musu ƙusa, sai dai a ɗinke allunansu da igiyar ɓawon kwakwa, ya kuma yi kuka da yadda masu su suke cusa alhazai fiye da ƙima domin su mayar da kuɗin jirgi a tafiya guda.

Dalilin da ya sa zama a kan anka, wato ƙugiyar ƙarfe da ake jefawa ta kama ƙasan teku ta riƙe jirgi, ya fi tafiyar kanta cin lokaci, yana cikin yanayin Bahar Maliya. Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne, tazarar da jirgi mai inji yake cinyewa a dare ɗaya, amma Jidda tana arewa maso gabas, kuma a rabin tekun na arewa iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, sai a kudanci ne take juyawa ta fito daga kudu tsakanin watan Oktoba da Afrilu. Sawakin tana kusa da inda iskokin biyu suke haɗuwa. Jirgi mai ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, saboda haka nahuda yakan bi gaɓar Afirka ya yi arewa a hankali, ta cikin lungun ruwan da ke tsakanin tudu da katangar murjani, har sai ya kai inda zai iya yanke tekun a karkace iska tana gefensa. A wannan lungu ba a tafiyar dare, domin da ido ake gane hanya: wani daga cikin ma'aikata yakan tsaya a goshin jirgi ko ya hau turke yana duban launin ruwa, shuɗi mai duhu alamar zurfi, kore alamar ƙarancinsa, ruwan ƙasa-ƙasa kuma dutse ne da zai iya farke cikin jirgi. Wannan karatu ba ya yiwuwa sai rana tana sama ko tana bayan mai dubawa, don haka dole a shiga marsa, wato ɗan lungun da teku ya kutsa cikin tudu, kafin la'asar ta yi sanyi. Matafiyin Suwizalan Johann Ludwig Burckhardt, wanda ya bar Sawakin a watan Yulin 1814 tare da maniyyata baƙar fata da Larabawa suke kira Takarir, sunan da ya zama Takari a bakin Hausawa, ya yi fiye da kwana goma kafin ya isa Jidda, kuma mafi yawan dararen a marsa aka yi su. Ibn Battuta ma, wajen 1330, ya tashi daga Jidda da nufin Yaman, iska ta kaɗo jirginsu gaɓar Afirka, ta haka ya ga Sawakin. Da yake watannin hajji suna zagaya lokutan shekara cikin kimanin shekara 33, akwai maniyyatan da ƙetarawarsu ta faɗo cikin sanyin hunturu, akwai kuma waɗanda ta same su a tsakiyar bazara, lokacin da zafin gaɓar yake wuce digiri 40 kuma guguwar ƙura take saukowa daga wajen Tokar ta rufe ido.

Yini a kan anka da asuba yake farawa, domin lokacin ne iskar arewa take lafawa, kuma lokacin ne nahuda yake yanke shawarar ko a tashi ko a ƙara kwana. Idan ya ga alamar za ta yi ƙarfi da hantsi, sai ya ce a zauna, kuma babu mai ja da shi, ko malami ne ko dattijo, domin a cikin jirgi maganarsa ce hukunci. Daga nan sai ma'aikata su shiga aikin da ba ya ƙarewa: kwalfe ruwan da ya tsatso ta tsakanin alluna, toshe kafofi da auduga da mai, ɗinke inda ƙyalle ya yage, murɗa sabuwar igiya, duba ko ankar tana nan a inda aka jefa ta ko iska ta ja ta cikin dare. Fasinja kuwa ba shi da aiki sai neman inuwa, wadda akan yi ta da tabarma ko zane a ɗaura a jikin igiyoyi, ana matsar da ita yayin da rana take tafiya kuma jirgi yake juyawa.

Ruwan sha shi ne ainihin abin da yake mulkin wannan rayuwa. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kimanin giram 40 a kowace lita, saboda babu wani babban kogi da yake zuba a cikinta kuma rana tana ƙafar da ita, gaɓarta kuwa hamada ce. Abin da aka ɗebo daga rijiyoyin Shata da ke bayan Sawakin, aka zuba a salkuna da tankin katako, daga baya a garewanin kananzir, shi ake aunawa kowa da ma'auni, kuma kowane ƙarin kwana a marsa ragi ne daga rabon ranar ƙetarawa. A wasu marsoshin makiyayan Beja sukan sauko da madarar raƙumi ko akuya ko salkar ruwa mai ɗanɗanon kanwa su sayar, a wasu kuwa babu kowa. A nan ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda aka yi tambayarsa a kan matafiyan teku masu ɗan ruwa kaɗan, ya zama abin amfanin yau da kullum, domin ya tabbatar da cewa ruwan teku yana tsarkakewa kuma mushensa halal ne. Da guga ake ɗebo shi daga gefen jirgi a yi alwala, a wanke kwano, a wanke yaro, ko da yake sabulu ba ya kumfa a cikinsa kuma yakan bar gishiri a tufa har ta yi tauri ta goge fata.

Girki a wuri ɗaya ake yin sa, a cikin wani akwatin katako da aka cika da yashi aka kafa murhu a kai, kuma ana sa masa ido sosai, domin wuta a jirgin da aka shafe da mai ba ta da magani. Itace ma tsada gare shi. Maniyyacin da ya kwashe shekaru a Sudan guzurinsa ya riga ya zama na can: garin dawa na yin asida, wadda tuwo ce mai laushi, ko kisra mai kama da sinasir marar kauri, da busasshiyar kuɓewa, da dabino, da shayi, sai kifin da ma'aikata suke kamawa da ƙugiya daga huri, wanda yake da yawa a bakin murjani. Akan ci sau ɗaya ko biyu a yini, ƙungiya-ƙungiya, domin mutanen gari ɗaya ko ayari ɗaya sukan haɗa tukunya su naɗa wani dattijo ya riƙe musu magana da nahuda, kamar yadda madugu yake yi a ayarin fatake.

Salla a jirgin da ke kan anka tana da wata wahala da ba a cika lura da ita ba. Jirgin da aka ɗaure da igiya ɗaya daga goshi kullum yana fuskantar inda iska take fitowa, saboda haka idan ta sauya shi ma ya juya, kuma gefen da ya kasance alƙibla da azahar yana iya zama wani da magariba. Mutumin Kano ya saba cewa alƙibla gabas ce, to a Sawakin ta koma arewa maso gabas, kuma tana ƙara komawa gabas sosai yayin da ake hawa arewa. Malikiyya sun ce a yi salla a tsaye a fuskanci alƙibla, a juya tare da ita idan jirgi ya juya matuƙar akwai hali, wanda jiri ya kayar kuma ya yi a zaune. Cunkoso yakan hana sahu, sai a yi ta kashi-kashi, ko kuma, idan marsa tana da tudu mai kyau, a sauka da huri a yi jam'i a kan yashi, a miƙe ƙafa, a tsinto itace. Hatta wurin ɗaura harami yana da zance, domin malaman Shafi'iyya da na Hanbaliyya sun ambaci mai zuwa daga Sawakin da sunansa a matsayin misalin wanda yake iya kaiwa Jidda bai daidaita da miƙatin Juhfa ko na Yalamlam ba, suka ce a Jidda zai yi harama, a cikin Malikiyya kuma akwai waɗanda suka yi rangwame ga mai ƙetarowa daga gaɓar Afirka ya jinkirta har ya taka ƙasa, saboda iska tana iya mayar da shi baya ya daɗe cikin harami.

Abin da ya fi tsanani shi ne rashin sutura. Makewayi a sambuk ɗan akwati ne da aka rataya a wajen jirgi ta baya, a kan ruwa, wanda bai rufe mutum ba sai zuwa ƙugu, kuma ga matan da suka fito daga gidajen kulle wannan jarrabawa ce da ta sa da yawa suke ƙin ci da sha da rana su jira duhu. Sharaɗin keɓantaccen wuri da littafi ya ambata, a aikace zane ne da aka gicciya a wani lungu. A kan buhuna da akwatuna ake kwana, kafaɗa da kafaɗa, da tsofaffi da jarirai da marasa lafiya, kuma zawo ko ƙyanda ko agana idan ta shiga ba ta da inda za ta tsaya. Wanda ya cika a marsa akan kai shi tudu a yi masa sutura a binne shi a yashi, ba tare da wata alama da danginsa za su iya nema ba. Da dare, idan zafi ya sauka, masu karatu sukan yi tilawa da ka, masu ɗariƙa su yi wuridinsu, ma'aikata kuma su raba tsaro, domin anka tana iya sakin ƙasa jirgi ya gangara kan dutse kowa yana barci.

Mulkin mallaka ya ƙara wa jiran iska jiran takarda. Tun bayan annobar kwalara ta 1865 da ta tashi daga Makka ta kai Turai, manyan ƙasashe suka sa ido a kan hajji, aka kafa wuraren killacewa a Tur da tsibirin Kamaran, aka kuma ƙulla yarjejeniyar lafiya ta Faris a 1926. Turawan Najeriya suna da nasu tsoron, na Mahadiyanci, wanda ya sa H. R. Palmer ya bi hanyar daga Maiduguri har Jidda ya rubuta rahoto a 1919, G. J. Lethem ma ya bi sahu a tsakiyar shekarun 1920. Sakamakon haka aka wajabta fasfo da allurar rigakafi da kuɗin karantina da tikitin zuwa da dawowa a jirgin tururi, sannan ga harajin da hukumar Sarkin Saudiyya Abdul'aziz take karɓa bayan ta kama Jidda a ƙarshen 1925. Mai hali bai ji nauyin wannan ba, kuma tun 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa ta jirgin ruwa ta hanyar Ingila. Talaka kuwa, wanda ya tara kuɗinsa da kwabo-kwabo, sau da yawa sai ya kauce wa Sawakin ya yi kudu zuwa Masawa a Eritiriya, wadda take hannun Italiya har 1941, ko ya jira a wata ɓoyayyiyar marsa a ɗauke shi da dare a sauke shi a gaɓar Lis ko Ƙunfuza ko Yaman, ya ƙarasa da ƙafa. Masanin tarihi Jonathan Miran ya yi nazarin wannan ƙetarawa ta ɓoye tsakanin shekarun 1920 da 1950. Haɗarinta ya wuce na teku, domin wanda ba shi da takarda ba shi da wanda zai kai wa ƙara idan aka zubar da shi a gaɓar da babu rijiya, kuma ba a haramta mallakar bayi a Saudiyya ba sai a 1962, don haka mata da yara suna cikin barazanar a sayar da su. Dokar da aka yi da sunan kare lafiyar maniyyata ita ce ta tura mafi rauninsu cikin jiragen da suka fi kowanne haɗari, kuma wannan nauyi ne da tarihi bai kamata ya sauke wa masu dokar ba.

A wannan kwarin ruwa na Sawakin, daura da kangayen murjani, a 'yan shekarun da suka gabata wasu irin jiragen iska ne suke jefa anka, wato na masu yawon duniya, akasarinsu daga Turai da Amurka da Ostareliya, waɗanda suka mayar da jirgi gida. Jirgin yakan kai mita 10 zuwa 15, mata da miji ne a ciki ko iyali ƙarami, kuma sukan shigo daga Tekun Indiya ta mashigar Babul Mandab tsakanin Fabrairu da Afrilu suna nufin Mashigar Suwes da Bahar Rum. Tsarin yininsu ya yi kama da na sambuk fiye da yadda kayan aikinsu za su sa a zata. Da safe a duba ko anka ta ja, domin ƙa'idarsu ita ce a saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwa, a duba abin da faifan sola ya tara a batir, tunda da shi firji da fitila da na'urar tace gishiri daga ruwan teku suke aiki, sannan a sauko da hasashen iska ta tauraron ɗan'adam. Idan hasashe ya ce iskar arewa za ta yi kwanaki tana kaɗawa, sai a zauna. A hau ƙaramin kwale-kwalen roba a je gaɓa, wakilin da ya karɓi fasfo ya kawo takardar izinin sauka, a yi jigilar man dizal a jarkoki, a shiga kasuwar Gef a sayi tumatir da albasa da burodi a tsakanin amalanken jakuna, a dawo a kama gyaran famfo ko igiya ko inji, domin gishiri ba ya barin ƙarfe ya huta. Daga nan su ma marsa-marsa suke bi, su tashi da asuba su tsaya kafin la'asar, wani a goshin jirgi yana karanta launin ruwa, su ratsa ta Sanganeb da Dungunab da tsibirin Mukawwar, wuraren da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016.

Bambancin yana wajen zaɓi da kuma yawan rayukan da aka ɗora wa katako ɗaya. Mai yawon duniya idan zama ya ishe shi yana iya tayar da inji, ko ya bar jirgin ya hau na sama, kuma kowa a cikin jirginsa yana da rigar ceto da gadon kwana. Maniyyacin sambuk ya sayar da gonarsa ko ya bar rumfarsa a kasuwar Kurmi shekaru da suka wuce, bai iya iyo ba, kuma jirgin da girmansa bai fi na wancan da yawa ba yana ɗauke da mutane gommai. Wannan cuta ta lodin wuce ƙima, wadda Ibn Jubair ya koka da ita tun ƙarni na 12, ba ta rabu da talakan ƙasar Hausa ba ko a ruwan gida, kamar yadda kifewar kwale-kwale a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ta nuna, inda mutane da dama suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Daga Kano ne kuma aka soma rufe babin sambuk. A 1948 wasu attajiran birnin, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda ya fara da manyan motoci zuwa Sudan kafin a koma jirgin sama a shekarun 1950, kuma zuwa lokacin da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i. Takardun da suka rage a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna lissafin fasfo da kuɗi da rahoton jami'ai ne suka fi yawa a cikinsu. Yadda aka raba ruwa, da wanda ya ja salla, da marsar da aka binne wata tsohuwa, suna bakin dattawan da suka yi tafiyar suna yara a bayan iyayensu, a unguwannin cikin birni irin su Soron Ɗinki da Madabo da Yakasai, da kuma zuriyar waɗanda ba su dawo ba a Mai Wurno da Wad Madani da Shara Mansur ta Makka, kuma waɗanda suka yi tafiyar duk sun tsufa yanzu. Aikin naɗar wannan magana ya dace da sashen tarihi na Jami'ar Bayero da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Arewa na Kaduna, kuma ba aiki ne mai jiran wani lokaci ba.

Ita Sawakin ta sake farfaɗowa a 1991, lokacin da aka buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna domin jiragen fasinja da na dabbobi masu zuwa Jidda, a ƙarshen 2017 kuma Sudan ta amince Turkiyya ta gyara gine-ginen tsibirin. A watan Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodin tumaki fiye da 15,000 ya nutse a cikin tashar. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, da hare-haren da aka soma kai wa jirage a kudancin Bahar Maliya daga Nuwamban wannan shekara, sun rage masu yawon duniya ƙwarai, amma 'yan Sudan masu zuwa hajji da umara da neman aiki suna ci gaba da ƙetarawa ta nan a jirage masu inji, kuma a cikinsu akwai jikokin Hausawan da suka tsaya noman auduga a Jazira domin tara kuɗin jirgi.